Ƙoƙon Furarki da Ya Zama Kukuma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ki cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Idan kin tambayi lafiyarmu, alhamdu lillahi. Ƙanwata Talatu tana Kano wajen 'ya'yanta, ciwon ƙafa ne kawai ke damunta. Ni kuma na ajiye aikin gidan rediyo, na dawo Wudil, ina ɗakina na da, wanda ke kallon naki.

Na san da kina raye sai an karanta miki, kuma na san da mai karatun ya fara za ki ce ya dakata, tuwo zai kama. Yau dai babu tuwo a kan wuta, don haka ki yi haƙuri ki ji ni har ƙarshe.

Gidan ya yi min girma, Inna. Uwar yarana ta rasu shekara uku ke nan, yaran kowa ya kama gabansa, sai dai waya. Sashen Baffa Garba an sayar, an ja katanga. Idan na yi tari a tsakar gida, ni kaɗai nake ji.

Ni ne ɗanki na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Wancan" kike cewa, ko "yayanku". In kina son aikena sai ki dubi bango ki ce, "Ruwa ya ƙare a randa." In zazzaɓi ya kayar da ni, ƙanwata Talatu za ki bai wa jiƙo ta kawo min, ke kuma ki yi ta shara a ƙofar ɗakina, wurin da kin riga kin share. Yaran yanzu ba za su gane wannan kunyar ba. Ni na tashi a cikinta, ban ɗauke ta komai ba.

Ina ɗan shekara goma sha uku na fara jin kukuma. Ranar Juma'a ce, kin aike ni kasuwa sayo daddawa. A bayan 'yan shanu na tarar da wani tsoho a zaune a gindin bishiya, ya ɗora wani ɗan ƙoƙo a cinya yana goga shi, abin yana kuka kamar mutum. Aka ce min sunansa Tanko, daga Kausani yake zuwa. Na tsaya har aka kira sallar Juma'a. Na dawo gida babu daddawa. Ba ki yi faɗa ba, kika aiki Talatu gidan maƙwabta.

Cikin satin nan na haɗa tawa da gwangwanin madara da kara, da guntuwar fata da na roƙo wajen baduku. Tsagiyar kuwa daga wutsiyar dokin mai unguwa na fizgo ta, saura kaɗan ya harbe ni. Kin tuna ƙarar da take yi? Kamar an take wa kyanwa wutsiya. Kaji ma guduwa suke yi.

Kwana huɗu ta yi a duniya. Baffa Garba, yayan Baba, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya leƙo daga sashensa, ya fizge ta daga hannuna, ya ɗora mata ƙafa. Ya ce, "Gidan nan ba gidan maroƙa ba ne. Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba, ba kuwa a kaina za a fara ba." Kina tankaɗe a lokacin. Ko ɗagowa ba ki yi ba. Na shiga ɗaki ina kuka, rabin kukan don gwangwanin, rabi don shirunki.

Washegari da na fito alwalar asuba na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofata. Ƙoƙon furarki ne, ɗan madaidaicin nan mai santsi da kika zo da shi daga gidanku, wanda ba ki yarda kowa ya sha da shi. Na ɗauka zan mayar miki, sai na ji kina gaya wa Talatu da ƙarfi, yadda zan ji, "Ƙoƙon nan ya ishe ni. Duk wanda ya ga yana da amfani da shi ya kawar min."

Ban san abin da kuka tattauna ke da Baba ba, har yau. Na dai san ranar Asabar da ta biyo baya ya fito da kekensa na aiki, wanda yake zagaya ƙauyuka da shi a matsayinsa na malamin gona, ya ce in hau baya in riƙe ƙoƙon da kyau. Ba mu tsaya ba sai Kausani, ƙofar gidan Tsoho Tanko.

Kafin mu yi sallama Baba ya tsayar da ni. Ya ce makaranta ce gaba, kuma sallah ba za ta wuce ni saboda kiɗa ba. Sannan ya kama kunnena a hankali ya ce, "Ba za ka yi roƙo da ita ba, ba kuma za a ci mutuncin kowa da hannunka ba. Ka ji?" Na ce na ji.

Tsoho Tanko ya juya ƙoƙonki a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Wanda ya ba ka wannan yana sonka." Shi ya rufe shi da fatar guza, ya ɗaura tsagiya, ya koya min shafa ƙaro a izgar da ake gogawa da ita. Kusan shekara biyu, kowace Asabar, Baba na kai ni. Sai ya zauna a inuwa da 'yar rediyonsa a kunne kamar ba ruwansa da mu. Amma a hanyar dawowa zai ce, "Yau yatsan nan naka na tsakiya ya yi nauyi." Ashe yana ji.

A gida kuwa matsalar Baffa ce, don zana kaɗai ta raba mu. Sai kika mayar da dakanki bayan la'asar, daidai lokacin da nake gwaji. Da na ɗauki kukuma sai ki ɗauki taɓarya. Ƙarar turmi ta rufe kukan koyona, ba a ji a wancan sashen. Wani lokaci babu abin dakawa, sai ki zuba dusa ki yi ta bugu.

Na daɗe kafin na lura ba rufe ni kawai kike yi ba. Bugunki bai taɓa sauri ko jinkiri ba. Idan na ruɗe na wuce ki, sai ki sauke taɓaryar da ƙarfi sau ɗaya, in dawo. Tsoho Tanko ya taɓa tambayata wa ke riƙe min kiɗa a gida, don ya ga ba na gudu kamar sauran masu koyo. Na ce babu kowa. Ban yi ƙarya da gangan ba, Inna, a lokacin ban sani ba.

Ban kuma san abin da kuke sha a waje saboda ni ba. A masallacin unguwa, idan liman bai zo ba, Baba ake turawa gaba. A hankali aka daina. Bai taɓa faɗa ba, ni na gani da idona ranar da aka tsallake shi aka ja hannun wani. Naki kuwa sai bayan shekaru Talatu ta ba ni labari. Wai a wani gidan suna, cikin mata, wata ta zo ta liƙa miki kwabo a goshi ta ce, "Ga naki, uwar makaɗi." Aka yi dariya. Kika cire kwabon, kika ce kin gode, kika ajiye shi a kan tabarma, kika ci gaba da kwasar tuwon da kike yi. Da kuka dawo gida kika gargaɗe ta kada ta kuskura ta gaya wa wancan.

Sai ga shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki ga farar hula. Garin ya canza. Tutocin jam'iyyu suka hau kan soraye, masu shayi suka rabu gida biyu, mutanen da suke cin tuwo a akushi ɗaya suka daina gaisawa. Baffa ya shiga wata jam'iyya da ƙarfinsa, har aka ba shi muƙami a unguwa. Baba ma'aikacin gwamnati ne, ya kame bakinsa.

Farkon damina, kafin azumi, ɗaya jam'iyyar ta shirya taro a filin bakin tasha. Sun ɗauko mawaƙi daga Kano, amma mai yi masa kukuma bai zo ba. Wasu samarin unguwarmu da suka saba jina ina gwaji a bakin kogi suka zo suka same ni. Suka ce awa ɗaya ce kawai, kuma duk Wudil za ta ji ni a lasifika. Ban tambayi Baba ba, don na san amsarsa. Na ɓoye kukumar cikin riga na fita. Kin gan ni. Kika ce wa Talatu, "Yau ba a gwaji ne?" Na yi kamar ban ji ba.

Aka ɗora ni a bayan a-kori-kura kusa da mawaƙin. Da na ja izga sai na ji sautina ya fita ta lasifika ya cika filin. Da farko yabon ɗan takararsu ya yi. Daga nan ya juya kan abokan hamayya, wani na raɗa masa sunaye a kunne. Sai na ji ya fara habaici ga wani mai hatsi wanda mudunsa ba ya cika, mai dogon carbi da gajeren awo. Filin ya ɗauki ihu. Sannan ya kira sunan Baffa ƙarara, har da na kakanmu.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, Inna. Hannuna bai tsaya ba. Daga baya na ce tsoro ne ya hana ni, amma ba gaskiya ba ne. Daɗi na ji. Na tuna ƙafarsa a kan gwangwanina, na ƙara wa izgar ƙarfi.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Baba yana tsaye a tsakar gida da rigar aikinsa, ko hula bai cire ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Me na gaya maka a ƙofar gidan Tanko?" Na fito da kukumar daga cikin riga. Ya ce, "Miƙo." Na miƙa. Ya juya wajenki ya ce, "Karɓi wannan ki jefa a murhu."

Kika karɓa da hannu biyu. Na zuba miki ido ina jiran ki ce wani abu, ko kalma ɗaya. Kika wuce ta gabana kika zagaya wajen girki. Jim kaɗan hayaƙi ya tashi.

Wata huɗu na yi ina fushi da ke. Da Baba ban yi ba, don na san na karya masa alkawari. Ke ce na kasa yafe wa. Ina cin tuwonki, ina gaishe ki da baki, amma ba na duban inda kike. Azumi ya zo, aka yi zaɓe, aka yi sallah. Kika mayar da dakanki safe. Bayan la'asar gidan sai ya yi tsit, in zauna a bakin ƙofa, hannuna na motsi a kan gwiwa shi kaɗai. Asabar ta zo ta wuce, keken Baba na jingine.

Sau ɗaya kawai kika yi magana a kai. Kina yi wa Talatu kitso kika ce, "Ki gaya wa yayanki, ƙafar da ta kai shi bakin tasha ba ta manta hanyar rumfar Baffansa ba." Na tashi na bar muku wurin.

Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati, maza sun kewaye rediyon Baba a ƙofar gida, gari ya cika da kiɗa. Ni na tafi ƙarƙashin gada na zauna ina kallon ruwa. Duk Wudil ana murna, ni ba ni da abin da zan riƙe a hannu.

Juma'ar da ta biyo baya na bi ta layin 'yan hatsi. Sabuwar dawa ta fara shigowa, kowace rumfa cike da mutane. Rumfar Baffa ce kawai babu kowa. Ina tsaye daga nesa wata mata ta zo, ta fito da mudunta daga cikin zane, ta ce da shi za a auna mata. Wasu yara suna wucewa suna rera waƙar nan. Baffa ya karɓi mudun matar ya auna mata. Ya rame, Inna. Mutumin da na sani da tsawa ya zama ɗan tsoho a cikin buhunansa.

Na je na durƙusa a gabansa, cikin kasuwa, na ce ya yafe min. Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni gwangwani na fasa maka, kai ka fasa min kasuwa. Tashi, na yafe. Ka gaida uwarka." Ya ɗebi gyaɗa ya zuba min a aljihu, kamar yadda yake yi ina ƙarami.

Ban gaya wa kowa a gida ba, amma kasuwa ba ta ɓoye labari. Da na dawo daga sallar la'asar na shiga ɗaki, na tarar da kukumata a kan tabarmata, naɗe a cikin tsohon ɗankwalinki, tana warin toka. Ko tsagiya ɗaya ba ta tsinke ba. Ashe a tsohon murhun bayan ɗaki kika sa ta, wanda ba a hura shi sai ana biki, kika kife ta da kwarya don ruwan sama. Hayaƙin da na gani na tuwon dare ne.

Baba ya shigo ya same ni riƙe da ita. Ya dube ni, ya dube ki, ya ce, "Ashe murhun gidan nan ba ya cin kaya?" Kina fuskantar bango kika ce, "Murhu ka ce, Malam. Ba ka ce wuta ba." Sai ya kama tari, ya fita da sauri. Na tabbata dariya ya je yi a zaure. Ranar Asabar ya fito da keke ya buga ƙararrawa sau biyu.

Ya kamata a ce na zo na durƙusa miki a ranar, kamar yadda na yi wa Baffa. Wata huɗu ina hukunta ki a kan laifin da ba ki yi ba. Na zo har bakin ƙofarki, kika ji motsina, kika ce, "Wa ke tare min haske?" Sai na juya. Na ce gobe. Goben nan ba ta zo ba.

Sauran kin sani. Na gama makaranta, na yi koyarwa kaɗan, aka ɗauke ni a gidan rediyo a Kano, sashen kiɗan gargajiya. Ban sake hawa motar 'yan siyasa ba, ko da suka zo da alkawura. Ranar da aka fara sa kiɗana a rediyo, Baba ya tara mutane a ƙofar gida, har da waɗanda suka daina tura shi gaba a masallaci. Ke kuwa kika yafa mayafi kika ce za ki aro rariya a maƙwabta, alhali kina da biyu. Talatu ta ce a zaurensu kika tsaya, inda rediyonsu ke jiyowa, har aka gama. Kika dawo ba rariya.

Na yi wa gwamnoni kiɗa, na yi wa baƙi daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Ban taɓa zama a gabanki na yi miki ba. Ba ki nema ba, ni ma ban yi tayi ba. Kunyarki ta zama tawa.

Sai a ciwonki na ƙarshe, bayan Baba ya daɗe da rasuwa. Na zo duba ki ranar Lahadi, na zauna a bakin gado, Talatu na yi miki fifita. Kin daɗe ido a rufe, har na ɗauka barci kike. Sai kika ce, "Talatu, wancan bai zo da abin nasa ba?"

Ban zo da ita ba. Na bar ta a Kano, don a ganina ba a kai kukuma ɗakin mara lafiya, mutane za su yi magana. Na ce, "Inna, ranar Juma'a zan zo da ita in sha Allahu." Kika ce, "To." Kika juya fuskarki wajena, kika dube ni sosai, abin da ban saba gani ba, har ni na sunkuyar da kai.

Kano zuwa Wudil ba nisa ba ne. Da na tashi a lokacin, da na je na dawo kafin magariba. Na yi tunanin hakan a mota, na ce ai Juma'a kamar gobe ce.

Ranar Laraba da hantsi aka kira ni.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Abin da ya fi damuna ba rashin zuwa da ita ba ne kaɗai. Ban san wanne kike so ki ji ba. Kiɗa nawa na yi a rayuwata, kina jin su daga zauren mutane da bayan zana, lallai akwai wanda ya zauna miki a rai har kika tuna da shi a kan wannan gadon. Na tambayi Talatu, ta ce ba ki taɓa faɗa ba. Na tambayi ƙawarki ta maƙwabta kafin ita ma ta tafi, ta ce duk wanda aka sa shiru kike yi. Yanzu babu sauran wanda zan tambaya.

Yatsuna sun fara ƙagewa, ba sa bin umarni kamar da. Cikin 'ya'yana babu wanda ya ɗauki kukuma, ban kuma tilasta wa kowa ba. Wani lokaci nakan ɗauko kaɗe-kaɗen nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farkon da Tsoho Tanko ya koya min, ina yi ina cewa ko wannan ne, ko wancan. Sai in gaji in ajiye.

Ki yafe min wata huɗun nan, Inna. Ki yafe min Juma'ar da na sa ki jira.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi iyakar ganinki. Allah Ya saka miki da abin da ni ban iya saka miki ba. Ya jiƙan Baba, da Baffa, da Tsoho Tanko, Ya gafarta musu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin summa amin.

Na bar ki cikin amincin Allah.

Ɗanki,
Habibu
Wudil